Cikon Gangunan Habsatou

Ranar lodin kwantena Habsatou ba ta ɗaukar wayar kowa sai ta direba, shi ya sa ta bar kiran Rafia yana ta shigowa yana katsewa. Tana durƙushe da alƙalami mai kaurin baki tana ƙara wa sunaye baƙi a jikin ganguna. Shagon nata na Port Richmond, a Amurka, ya cika maƙil, da ƙyar mutum zai ratsa ta gefe. Shuɗɗan gangunan roba ne jere har bakin ƙofa, kowace da kwaɗonta, kowace da sunan mai ita da garin da za ta: Maraɗi, Yamai, Tawa, Damagaram.

Sana'arta ke nan. Mutum ya kawo kayan da zai aika gida, ya shirya su da hannunsa, ya kulle da kwaɗonsa, ya tafi da makulli. Ba a taɓa jin Habsatou ta buɗe gangar wani ba, kuma saboda haka ne mutane ke tsallake shagunan Bronx su hau jirgin fito su zo wurinta. Abu ɗaya take sa hannu a kai, wato ciko. Ganga in ba ta cika dam ba kayan ciki suna girgiza a teku su farfashe, don haka kafin a rufe sai a cusa duk abin da aka samu mara nauyi a toshe gurabe.

Wayar ta sake ruri. Ta yi tsaki ta ɗauka.

"Rafia, ina cikin aiki."

"Ei, Sista Habsa, ajiye aikin nan. Kayan da Mukhtari ya kwaso daga gidan Misis Karmela, suna ina?"

Rafia 'yar Zangon Kumasi ce, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Misis Karmela ce tsohuwar da take kula da ita, wata Ba'italiya da mijinta ya rasu bara. Ɗan tsohuwar ne ya ce yana neman wanda zai kwashe masa ɗakin ƙasa kaf, ba ya son ya sake ganin komai a ciki, Rafia kuwa ta haɗa shi da Mukhtari, ƙanen mijin Habsatou, mai motar kwasar kaya. Duk abin da Mukhtari ya kwaso a irin wannan aiki, shagon yake fara saukewa.

"Injin maɓallin kike nufi?" Habsatou ta ce. "Yana cikin gangata. Alkasim ɗinmu na Maraɗi zan aika ma, kin san tela ne."

"Wane injin maɓalli?"

"Jan nan mai hannu. Har da maɓallansa a ƙananan kwalaye, na tagulla, masu kyau."

Can nesa ana jin muryar tsohuwa tana ta zuba Turanci kamar famfo ya ɓalle.

"Sista Habsa, ki zauna."

"Ba wurin zama a nan. Faɗi."

"Ba injin maɓalli ba ne. Injin haɗa harsashi ne. Mijinta ɗan harbi ne, na wasa, irin masu harbin faifan laka a sama. Shi yake haɗa harsasansa da kansa. Yau ta sauka ƙasa ta ga wayam, ta tambaya, na gaya mata. Tun ɗazu take ihu, wai in gaya maki kada kowa ya danna komai, kada kowa ya kunna komai, ga mu nan zuwa."

Habsatou ta kalli wayar, ta mayar kunne. Layin ya katse.

Ta miƙe a hankali. Abin da ya fara faɗo mata shi ne Alkasim a shagonsa na Maraɗi, ya ɗora maɓalli a kan riga ya danna hannun inji da ƙarfinsa. Abu na biyu ya fi muni. Ta tuna wani mai irin sana'arta da aka haska kwantenarsa a tashar jirgin ruwa aka ga abin da bai kamata ba. Kayan mutane suka kwana suka tashi a can har aka manta da su, shi kuwa ba a sake ganin shagonsa a buɗe ba. Wannan kwantenar tata kayan Sallah ce. In ta rasa jirgin wannan makon sai bayan Sallah za ta isa Lome, balle Nijar. Direba ya ce yana nan zuwa bayan azahar, kuma ba mutum ne mai jira ba.

"Mukhtari!"

Ya leƙo daga bayan shago da burodi a baki. "Matar Yaya, wa ya mutu?"

"Kai, in ba ka yi hankali ba. Mi ka kawo mini shago?"

Ba ta gama yi masa bayani ba tasi ta tsaya a ƙofa. Rafia ta fito ta zagaya ta fito da tsohuwa, 'yar ƙarama, gashi fari sol, sanye da jar rigar sanyi, tana dogara sanda mai ƙafa huɗu. Ba ta yi sallama ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta zuba ido a kan ɗan buhun da aka tokare ƙofar da shi, ta zungure shi da sanda ta ce, "Shot."

"Wai wannan shot ne," in ji Rafia.

"Mi ne shot?"

"Ban sani ba, Sista. Ni ma yau na fara makarantar."

Habsatou ta ɗauka ƙwayoyin ƙafar keke ne. Buhun ƙarami ne amma nauyinsa kamar an ɗaure dutse, shi ya sa ta mai da shi matokarin ƙofa. Ta zabura za ta janye shi, tsohuwa ta ɗaga hannu. Wai wannan ba ya fashewa, dalma ce kawai, a dai wanke hannu in an taɓa. Habsatou ta sauke numfashi. Ashe abin da sauƙi.

Aka kawo kujera. Misis Karmela ta zauna tsakiyar ganguna kamar alƙaliya, ta ce a fito mata da komai. Habsatou ta buɗe gangarta, tata ce, ba wanda za ta tambaya. Mukhtari ya ciro jan injin ya ɗora a kan kantar shago. Tsohuwa ta shafa hannun injin, sannan ta share ido da bayan hannu ta shiga aiki. Ta sa aka miƙo mata ɗaya daga wasu jajayen kwansayen roba masu gindin tagulla da suka fito tare da injin, ta ɗaga shi sama.

"Hol."

"Hol," in ji Rafia. "Kwanso ke nan. Gidan da kome ke shiga."

"Wanga na sani," Mukhtari ya ce. "Na ɗauka murafun alƙaluma ne."

"Da wane alƙalami ka taɓa ganin murfi haka?"

"Amurka ce, matar Yaya. Mi ba su da shi?"

Tsohuwa ta buga sanda a ƙasa, suka yi tsit. Ta buɗe ɗaya daga ƙananan kwalayen, ta zaro faranti mai ramuka, kowane rami da ɗan maɓallin tagulla zaune a ciki. Da yatsu biyu ta ɗauko guda, a hankali kamar mai ɗaukar kunama.

"Faraima."

Ta yi magana mai tsawo, Rafia tana bi tana tuntuɓe. "Wai wannan shi ne kan ashana. A gindin hol yake zama. In allurar bindiga ta buge shi sai ya tada wuta. Shi ba ya son bugu, ba ya son zafi, ba ya son matsi. In guda ya tashi a cikin 'yan'uwansa, duka suke amsawa."

"Shi ne zan aika ma tela ya danne shi a riga," Habsatou ta ce da muryar da ba tata ba.

"Bayan faraima sai fauda."

"Hoda?"

"Ba ta fuska ba. Ta wuta."

"Albarushi," in ji Mukhtari. "Kakanmu maharbi ne, na san sunan."

"Sunan kaɗai ka sani, tunda ka ɗauko shi a mota kana waƙa."

Misis Karmela tana ta waige-waige tana maimaita kalmar. Ina fauda? Baƙar jarka ce, in ji ta, mai faɗin baki, takardar jikinta ta ɗan koɗe. Habsatou da Mukhtari suka kalli juna. Habsatou ta tuna jarkar. Ta buɗe ta ta ga baƙin gari mai ɗan sheƙi, ta ce takin fulawa ne, ba wanda zai so shi a Maraɗi, ta tura ta ƙarƙashin kantar shago. Duk su huɗun suka sunkuya suka leƙa. Jarkar na nan zaune lafiya lau, kafaɗa da kafaɗa da kaskon turaren wutar da Habsatou ke kunnawa kowace safiya don warin kayan gwanjo. Hayaƙi na tashi siriri.

Ihun da tsohuwa ta yi ba ya buƙatar tafinta. Rafia ta fizge kaskon ta yi waje da shi tana salati. Mukhtari ya rungumi jarkar ya tsaya da ita a tsakiyar shago.

"Ina zan kai ta? Matar Yaya, ina zan kai ta?"

"Ka tambaye ni? Kai ne jikan maharbi!"

Aka kai ta can ƙuryar baya, wuri mai sanyi, nesa da faraima kamar yadda tsohuwa ta umarta. Ta ce za ta kira wani abokin mijinta da suke harbi tare ya zo ya kwashe su yadda ya dace. Sannan ta koma darasinta kamar ba abin da ya faru. Ta ɗauko wani ɗan farin kofin roba mai tsagaggen baki kamar fure.

"Wod."

Wai shi ke zama tsakanin albarushi da dalma, ya toshe iska, ya riƙe ƙwayoyin. Bayan shi a zuba shot, sannan a naɗe bakin kwanson ya rufe kamar tauraro, wannan naɗin sunansa kirimf. Habsatou tana ƙirgawa da yatsu tana rikicewa. Hol ne gidan, wod ne kofin, ko wod ne gidan? Tsohuwa ta ƙara da cewa jajayen kwansayen lamba sha biyu ne, masu ruwan ɗorawa lamba ashirin, kuma sha biyu ya fi ashirin girma.

"Ya fi shi ƙanƙanta kike nufi," Habsatou ta gyara wa Rafia.

"Girma ta ce."

"Sha biyu ya fi ashirin?"

"Haka ma shot. Wai lamba takwas ya fi lamba huɗu ƙanana."

"Rafia, ki tambaye ta da kyau. Ko dai tsufa ne?"

"Ni ba zan tambaye ta wannan ba, Sista. Ita ke riƙe da sanda."

Habsatou ta dafe kai. Ta ce a bar lambobi, a gaya mata abu ɗaya tak: wanne ne ke fashewa? Faraima da fauda, in ji tsohuwa. To fauda tana ƙurya, faraima kuwa ga kwalayensa duk sun fito daga gangarta, ta juye gangar ƙasa ta kakkaɓe ta gani da idonta. Hankalinta ya kwanta. Ta fara dariya, irin ta wanda mota ta wuce ta gabansa da kaɗan. Har ta ce Mukhtari ya ɗora ruwan shayi a ba Mama.

Misis Karmela ba ta yi dariya ba. Tana juya kwanson da ke hannunta, ta kifa shi, ta kawo gindinsa kusa da tabarau. Ta ɗauko wani ta kifa. Ta kira Habsatou da yatsa.

A tsakiyar gindin kowanne akwai ɗan maɓallin nan na tagulla. Na farkon yana da lotsawa a tsakiya kamar an danna shi da ƙusa. Na biyun sumul yake.

"Wai mai lotsawa ya mutu, an riga an harba shi," in ji Rafia, muryarta na yin ƙasa. "Mai sumul kuwa da ransa. Mista Anjelo, mijinta, yakan zauna ya sa wa hol sabon faraima ya tara a bokiti, sai ranar da ya samu lokaci ya cika su. Wai bokitan suna da yawa. Tana tambaya, ina sauran hol?"

Habsatou ta juya ta kalli shagonta. Ganguna har bakin ƙofa.

Makon nan gaba ɗaya ba ta sayi takardar ciko ba. Allah ya kawo mata bokiti-bokiti na kwansaye da fararen kofuna, marasa nauyi, masu shiga kowane lungu. Ta zuba wa mai kwalaben turare, ta zuba wa mai kofunan tangaran, har wata ta ce a ƙara mata jajayen, yaranta za su yi wasa da su.

"A wace ganga da wace ganga?" Rafia ta tambaya.

"Mukhtari?"

"Ni zubawa kawai nike, matar Yaya. Ban riƙe suna ba."

Tsohuwa ta ƙara wata magana. Ko mataccen hol ne, ko wod, in na'ura ta haska ta ga siffarsa an gama, ba wanda zai tsaya duba lotsawa. Komai ya fito.

Habsatou ta ɗauki waya. Wannan ne aikin da bakinta bai taɓa yi ba: ta kira mutum ta ce a zo a buɗe ganga. Na farko ya ce, "Harsashi? Habsatou, ke da wa kuke yaƙi?" Ta biyu ta fashe da kuka tun ba ta ji ƙarshen zance ba. Wani direban tasi ya ce yana kan gada da fasinja, ta fasa kwaɗon kawai, ya yafe. Masu kitso na nan kusa suka rufe shaguna suka zo da makullai a bakin zane, masu shaguna suka aiko matansu. Kafin azahar shagon ya koma kasuwa. Shinkafa, man girki, takalman yara, sabulai, duk a ƙasa, kowa na kare tulinsa da jiki don kada na kusa ya ƙare masa kallo.

Misis Karmela na tsakiya da bokiti biyu a gabanta. Duk wanda ya tsinto abu sai ya kawo mata.

"Mama, wanga wod ne?"

"Hol."

"To wanga fa?"

Murfin man shafawa ne. Aka mayar wa mai shi. Wata ta kawo batirin tocila a tafin hannu tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Wani dattijo ya rantse maɓallan rigar da ya saya wa ɗansa faraima ne, sai da Rafia ta cije ɗaya a gabansa. Habsatou na tsalle daga ganga zuwa ganga tana kifa kwansaye tana duba gindi, mai rai nan, matacce can, har idonta ya fara ganin lotsawa a inda babu.

Ana cikin haka ƙaton kamyo ya tsaya a waje ya toshe rabin titi, kwantena a bayansa. Direban ya sauko, ya leƙo, ya ga duniya a zube, ya nuna agogon hannunsa ya koma mota. Aka fara mirgina gangunan da aka gama, kowace an sake cika ta da tsofaffin jaridu, mai ita ya kulle abinsa. Shago ya fara yin fili. Da filin ya yi yawa sai ganga ɗaya ta bayyana a jikin bango, da babban kwaɗo mai ruwan zinariya.

Ta Hajiya Iyatu ce.

Hajiya Iyatu a Mount Hope take, can Bronx. Ita ce ta fara kawo wa Habsatou ganga lokacin da shagon bai da ko allo, kuma bakinta ne ya kawo rabin mutanen da ke tsaye a nan. Mace ce mai shadda da gwal, in ta shigo taro ana matsa mata. Kullum ita kaɗai take shirya gangarta a bayan labule, ta rufe saman da zane, sannan ta ce a zo a yi ciko ta gefe. Tun safe wayarta ke kashe. Sai yanzu ta shiga.

"Hajiya, ina wuni. Wata matsala ce ta taso."

Ta yi bayani, ta sa hol a wurin wod, ta gyara, ta sake rikicewa. Hajiya ta saurara har ƙarshe.

"Kin gama? To ki ji. Gangata ba a buɗe ta."

"To in bar ta sai kwantena ta gaba?"

"Yau za ta tahi. Akwai mai jiran ta."

"Hajiya, ba ta shiga ba a duba ba."

"Ke ɗiyar nan, ni na zuba harsashin? Ga ni nan tahe. Kada ki taɓa mini kwaɗo."

Daga Mount Hope sai ta hau jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, ta jira jirgin fito, ta tsallako, ta nemi bas. Direba kuwa ya riga ya tada inji, ya danna oda har tsohuwa ta toshe kunne.

Habsatou ta kamo Mukhtari ta rigarsa. "Kai ka yi ma Hajiya ciko. Da mi?"

"Da jarida."

"Ka tabbata?"

"Ko kuwa jaridar ta ƙare ranar ne? Tsaya. Ranar da aka yi ruwa ta zo?"

"Mukhtari!"

"Wallahi ina ganin hannuna yana turawa, amma ban ganin abin da ke cikin hannun."

Ta sake shi. Ta jijjiga gangar ta kara kunne, ba ta ji komai ba. In ta tura ta haka kuma akwai abu ciki, kayan duk mutanen nan sun tafi ke nan. In ta bar ta a shago, mai jira a can zai yi Sallah hannu wofi, Hajiya kuwa ba za ta yafe ba. In ta fasa kwaɗon, gobe Bronx gaba ɗaya ta ji cewa Habsatou na buɗe gangar mutane ba da izini ba. Mutanen da suka rage a shagon suna kallonta, wasu ma sun matso, don ba wanda bai taɓa son sanin abin da Hajiya Iyatu ke aikawa gida ba.

"Kowa ya fita," ta ce.

"Har ni?" in ji Rafia.

"Har ke. Har Mama. Mukhtari, ba ni almakashin ƙarfe, ka je ka roƙi direba. Ka ce masa ganga ɗaya ta rage. In ya ƙi ka kwanta gaban taya."

Ta sauke ƙofar ƙarfe har ƙasa, ta ja labule. Kwaɗon bai yi gardama ba, cizo ɗaya ya faɗi. Ta ce bismillah ta ɗaga murfi, ta yaye zanen.

Ta ga abin da Hajiya ke ɓoyewa ƙarƙashinsa. Sannan ta fara fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a ƙasa yadda ta same su don ta mayar da kowanne mazauninsa. Jarida ce a gefe, jarida, jarida, har ta fara jin kunya na cin ta, ta ce ta karya amana a banza. Sai can kusa da gindi yatsunta suka taɓo roba mai santsi. Jajaye ne, cikin tafin hannu biyu, sun zurara ta gefe sun taru a ƙasa. Ta kifa na farko. Sumul. Ta kifa na biyu. Sumul.

Ta tsince su tas, ta laluba har sau nawa, ta mayar da kaya, ta shimfiɗa zanen yadda yake, ta ɗauko sabon kwaɗo cikin na sayarwa ta datse. Da ta ɗaga ƙofa Mukhtari na tsaye gaban motar da hannaye a buɗe, direban na zaginsa da wani yare da ba wanda ya gane. Aka mirgina gangar aka ɗora, aka rufe kwantena, aka buga hatimi. Motar ta ja ta yi kwana ta ɓace.

"Mi ke ciki?" wata mai kitso ta raɗa mata.

"Hol," in ji Habsatou.

"A'a, kayan Hajiya nike nufi."

"Ki gaida gida."

Abokin marigayin ya zo da motarsa ya kwashe jarka da kwalaye da bokitai da injin, yana girgiza kai. Rafia ta tafi da tsohuwa, wadda ta gaji har tana gyangyaɗi a tasi. Habsatou ta roƙi a bar mata mataccen hol guda ɗaya, sannan ta zauna a kan kujera a shagon da ya zama fili, tana jira.

La'asar ta yi sanyi Hajiya Iyatu ta iso, shaddarta ta yamutse da zaman jirgi, tana haki. Ta kalli jikin bango inda gangarta take. Ta kalli guntun kwaɗon da ke kan kantar shago. Habsatou ta miƙe ta ɗan rusuna, ta miƙa mata sabbin makullai biyu a zobensu.

"Ta tahi, Hajiya. Ga makullan. Ban riƙe ko ɗaya ba."

Hajiya ba ta karɓa ba. "Na ce kada ki taɓa."

"Kin ce."

"Wa ke wurin?"

"Ni kaɗai. Na rufe ƙofa."

"Mi kika gani?"

Habsatou ta ɗauko jan kwanson ta ajiye a gabanta. "Irin wanga. Masu rai, a can ƙasa."

"Sai mi?"

"Shi kaɗai na gani."

Hajiya ta zuba mata ido, ta daɗe, kamar mai neman tsaga a jikin tulu. Habsatou ba ta kau da kai ba, hannunta na nan a miƙe. Can Hajiya ta sa yatsu ta zare makullan, ta buɗe jaka ta jefa su ciki ta ja zif. Ta juya har ta kai ƙofa, sai ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Kwantena ta gaba yaushe ce?"

"Bayan Sallah, in Allah ya so."

"Ki aje mini ganga. Cikon da kaina zan kawo."